Tsawon Duha

Shafi na 14

Da sunan Allah. Masu tsare ni da tambayar abin da hoton kan Duha ya nuna, ku gyara zama, yau ga shi. Wanda yanzu ya shigo ma ya zauna, ba zai ɓata hanya ba.

*

Tun da motar haya ta doshi gadar Farin Nilu, Kubra ta riƙe hannun 'yarta ba ta saki ba. Hanyar Umdurman zuwa Khartum ta bi ta ba adadi, amma yau sai ta yi mata nisa. A bakin gada sojoji sun tsayar da wata motar kaya suna zazzage buhuna, layi ya taru, fasinjoji kowa ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ita kam da gaske ba ta gani ba. Idonta na kan ƙafafun Duha, suna reto daga kujera, ko kusa da ƙasa ba su kai ba.

Shekarar Duha goma, amma duk wanda ya gan ta shida zai ba ta. Ba ta ciwo, tana cin abinci, a aji kuma ba mai shan gabanta. Tsawo ne kawai ya ƙi. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, an zaga asibitoci, har ranar da wani matashin likita ya faɗa musu, yana rubutu ko kai bai ɗaga ba, cewa wani lokacin ƙari ne ke fitowa a cikin kai ya tsayar da girman yaro, don haka sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Tun daga ranar Kubra ba ta sake jin ɗanɗanon abinci ba. Ita da mijinta Ɗantani suka yi shawarar kada kowa ya ji, har mahaifiyarsa Hajja Sittana da suke gida ɗaya da ita. In maganar ta taso sai su juya harshe zuwa Hausa, tunda Duha, kamar sauran yaran unguwa, Larabci ne a bakinta. A ganinsu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunan tuwo ba.

A ƙofar asibiti suka tarar da Ɗantani. Daga garejinsu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya taho, ya canza jallabiya fara, amma baƙin mai na nan a ƙarƙashin farcensa. Ya shafa kan Duha, ya dubi matarsa, suka shiga.

Duktura Ni'mat, likitar da ta ƙware a kan girman yara, mace ce mai sanyin magana. Ta sake jingina Duha da bango ta auna ta, ta duba tafin hannunta, ta tambaye ta labarin makaranta. Kubra na zaune a bakin kujera, ji take kamar ta ce mata don Allah ta bar wannan ta faɗi abin da ya kawo su.

Can Duktura ta zauna, ta cire tabarau, ta kira Kubra da sunan 'yarta.

"Um Duha, saki numfashinki. Kan yarinyar nan lafiya lau yake."

Kubra ta zuba mata ido. Larabcin da ta tashi da shi tun haihuwa sai ya zama kamar baƙon yare, ta ji kalmomin amma ba su shiga ba. Ɗantani ne ya sunkuyo ya maimaita mata da Hausa.

"Ta ce babu ƙari, Kubra. Babu komai."

Ba ta san lokacin da ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska ba. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjinta ya sauka a hankali, har ta ji yunwa, yunwa ta gaske, a tsakiyar ofishin likita.

Duktura ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ci gaba da bayani. Jini lafiya, ƙoda lafiya, hanji na karɓar abinci yadda ya kamata, maƙoshi babu matsala. Hatta sinadarin da ke sa yaro girma, jikin Duha na yin nasa daidai gwargwado.

Ɗantani ya gyara zama.

"To Duktura, me ya hana ta tsawo?"

"Ban sani ba."

Ya ɗan yi turus. Bai taɓa jin likita ya faɗi haka ba.

"Da gaske nake," ta ce tana murmushi. "Akwai yara irinta da yawa. Mun sa wa abin dogon suna, amma in ka fassara shi, ma'anarsa ke nan, ba mu sani ba. Ba cuta ba ce. Gajeriya ce mai lafiya."

Ya tambaya ko ke nan babu abin yi. Ta ce akwai allura ta sinadarin girma, ana yi wa wasu yaran irin Duha. Amma ta ce su saurare ta da kyau kafin su yi murna. Allura ce ta kullum, a ƙarƙashin fatar cinya ko ciki, ba ta wata ɗaya ko biyu ba, shekaru ake yi har ƙashi ya rufe. Tana da tsada, kuma da halin da ƙasa ke ciki wani lokacin sai ta ɓace a kasuwa. Bayan duk wannan, abin da ake samu ba shi da yawa. Ta haɗa yatsun hannunta ta nuna musu faɗinsu. Wani yaron ya samu haka, wani ƙasa da haka, wani kuma a gama wahalar ba a ga bambanci ba. Ta ce ba za ta ce su yi ba, ba za ta ce kada su yi ba. Su je su yi tunani, su dawo bayan Babbar Salla.

Sai ta juya kujerarta ta fuskanci Duha, wadda tun da aka fara take zaune shiru da hannuwa a cinya.

"Ke fa, ya Duha? Jikinki ne ake magana a kai. Kina da tambaya?"

Duha ta dubi uwarta, ta dubi ubanta. Sannan ta ce a hankali,

"Ke nan ba zan mutu ba?"

Kubra ta juyo ta dubi 'yarta.

"Wa ya ce miki za ki mutu?" in ji Duktura.

"Ba wanda ya ce min. Ji na yi."

"A ina?"

Duha ta sunkuyar da kai. Da ta buɗe baki, ba Larabci ne ya fito ba. Hausa ce tsantsa, da irin karyewar muryar uwarta, kalma bayan kalma.

"In ƙari ne a kanta, Abu Duha, ni ban san yadda zan yi in rayu bayanta ba."

Kubra ta dafe baki. Maganarta ce. Ita ta faɗa wa Ɗantani ita a tsakar gida tana tankaɗe, Duha na gefe tana aikin makaranta, kanta a sunkuye kamar ba ta wurin.

"Ina jin Hausa, Yumma," Duha ta ce wa uwarta, ta koma Larabci. "Duk ina ji. Yi ne ba na so, don in na yi dariya kuke min."

Da ƙyar aka samu sauran labarin daga bakinta. Kalmar ƙari ce kaɗai ba ta sani ba, sai ta je ta tambayi kakarta. Habboba, kamar yadda take kiran Hajja Sittana, carbinta ya faɗi daga hannu, ta tambaye ta inda ta ji, sannan ta ce ba komai ba ne, wani ɗan ƙurji ne. Amma tana faɗa tana share ido. Daga nan Duha ta gane.

Abubuwa suka riƙa dawo wa Kubra ɗaya bayan ɗaya. Fensiran kala da Duha ba ta bari ko taɓawa a yi, ta kwashe ta ba Hanan 'yar maƙwabta. Rigar Sallarta mai ruwan goro, ta naɗe ta da kanta ta ce a kai wa 'yar goggonta. Ta daina musu, ta daina ƙin wanke-wanke. Wata Juma'a da suka wuce maƙabarta a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta tambaya ko yara ma ana yi musu tambayar kabari. Kubra ta ɗauka karatun allo ne ya fara ratsa ta, har ta yi wa Ɗantani albishir cewa yarinya ta yi hankali.

Ashe sallama take yi da su, ita kaɗai, ba ta faɗa wa kowa ba don kada ta ƙara musu kuka.

Ɗantani ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta, farar jallabiyar a ƙasa, har fuskarsu ta zo daidai.

"Dube ni, Duha. Kin ji abin da Duktura ta ce?"

"Na ji, Yaba."

"Lafiyarki ƙalau. Sai kin tsufa kin yi furfura kamar Habboba, in sha Allahu."

"Wallahi?"

"Wallahi, abin da likita ta gani ke nan. Daga yau kuma duk maganar da ta shafe ki, da ke za a yi ta."

Sai a lokacin Duha ta yi kuka. Kukan yara, mai sauti, baki a buɗe, irin wanda Kubra ta daɗe ba ta ji daga gare ta ba. Ta jawo ta jikinta, ta ji ɗan ƙashin bayanta a tafin hannu, ɗumi, mai rai. Duktura Ni'mat ta tashi ta tsaya a taga tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Da suka nutsu ta ce musu kada su je gida kai tsaye, su samu wuri su ci abinci tukuna.

*

A bakin Nilu suka zauna, ƙarƙashin bishiyar maina, wurin wata mai shayi. Ɗantani ya ƙetara titi ya sayo dafaffen waken da ake kira ful, da burodi, da ta'amiya, irin ƙosan ƙasar, mai zafi. Kubra ta ci kamar wadda ta dawo daga tafiya. Duha kuwa ta cinye nata, ta sa hannu a na ubanta, mai shayi ta ƙara mata zalabiya, fanken nan mai sukari, a kan takarda tana tsokanarta.

Tana lasar sukari a yatsa ta ce,

"Yumma."

"Na'am."

"Tunda ba zan mutu ba, zan karɓo rigata."

Ɗantani ya ƙware da shayi. Kubra ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai kyauta ba a karɓe ta. Duha ta ce ita ba kyauta ta yi ba, gado ta raba, kuma mai gadon ta fasa. Fensiran ma Hanan ta shirya dawo da su, in ta feƙe ja ɗin sosai sai ta biya. Mai shayi da ba ta san kan zancen ba ita ma ta taya su dariya.

Da aka lafa, Ɗantani ya juya kofinsa a hannu, ya rage murya, ya soma da Hausa kamar yadda ya saba.

"Maganar allurar nan, Kubra, ni a ganina…"

Sai ya tsaya. Su biyun suka dubi Duha a tare.

"Ku ci gaba," ta ce da baki cike. "Ina ji."

Haka aka yi maganar a gabanta. Ɗantani ya ce shi yana so a gwada. Ya ba da labarin ranar da ya kai mata abincin da ta manta, ya tarar da sabuwar malama ta kama kunnenta tana fitar da ita daga layin ajinsu zuwa na 'yan aji ɗaya, Duha na rantsuwa, yara na tafi suna kiranta Rabi-da-kwata. Ya ce ranar ya koma gareji ya kasa riƙe sifana. Yanzu yara ne, gobe manya ne, kuma bakin manya ya fi ciwo. In akwai abin da zai ƙara mata ko faɗin yatsa biyu, shi zai yi aikin dare da rana ya nemo.

Kubra ta ajiye kofinta.

"Har safiyar yau roƙona ɗaya ne, Abu Duha. A bar min ita ko yaya take. An bar min."

"Godiya daban, neman magani daban."

"Maganin me? Likita ta ce ba cuta ba ce. Yarinya mai lafiya a riƙa huda ta kullum, shekara da shekaru, ana nuna mata akwai abin gyara a jikinta?"

"Mutane ma kullum suna nuna mata."

Ba faɗa suke yi ba, kowa ya san ɗan'uwansa na da gaskiyarsa, kuma yau ba wanda ke da ƙarfin fushi. A ƙarshe ya ce a tambayi mai jikin. Duha ta ɗaga kafaɗa, ta ce Duktura ta ce sai bayan Salla, ita ma sai bayan Salla. Yanzu dai a ƙara mata zalabiya.

*

Rana ta karkata lokacin da raksha ta sauke su a bakin layinsu a Umdurman. Daga nesa Kubra ta hango Hajja Sittana zaune a ƙofar gida kan 'yar kujerar igiya, wurin da ba ta saba zama ba. Maƙwabciya ta gaya musu daga baya cewa tun fitarsu take nan, ko ruwa ta ƙi sha.

Tsohuwar ba ta tambaye su komai ba. Fuskokinsu ta bi da kallo. Kubra ta durƙusa a gabanta.

"Hajja, lafiya lau. Ba a ga komai ba."

Hajja Sittana ta zame daga kujerar ta kai goshi ƙasa, a nan kan turɓayar ƙofar gida. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, da ƙasa a goshi, ta jawo Duha ta riƙa shinshina kanta kamar jaririya.

"Kun ɓoye min," ta ce ba tare da ta dube su ba. "Yarinya ta ɓoye muku, ni ma na ɓoye muku. Gida ɗaya, kowa na kuka a ɗakinsa."

Ɗantani ya ba ta haƙuri, ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ba lokacin wannan ba ne. Ashe tun jiya ta jiƙa dawa da wake don balila, dafaffiyar tsabar da ake rabawa sadaka. Ta ce ta yi niyya ko wane labari aka kawo sai ta dafa, amma ta roƙi Allah ya sa ta godiya ce.

Kafin la'asar ta yi sanyi gidan ya cika. Mata suka shigo da tire-tire, aka ɗora babbar tukunya, aka kunna turaren wuta. Yawancinsu ba su san abin da aka tsallake ba, sun dai ji an ce sakamakon asibiti ya yi kyau, kuma hakan ya ishe su. Duha na tsakiyar yara tana rabon balila da ludayi, tana ba Hanan umarni kan fensira. Kubra ta tsaya a bakin madafa tana kallonta. A cikin yaran ita ce ƙarama a ido, muryarta kuma ta fi ta kowa. Karon farko cikin dogon lokaci ta kalle ta ba tare da ta auna ta da kafaɗar yaron da ke kusa ba.

Wuta ta ɗauke kamar kullum, ruwan randa ya ƙare, baƙi na neman mai sanyi. Wata ta ce ai firjin ɗakin Hajja na riƙe ƙanƙara. Ɗakin kullum a kulle yake, makulli a ƙugun mai shi, amma yau cikin hidima an bar shi a buɗe. Kubra ta ɗauki kwano ta shiga.

Ta ciro ƙanƙarar. Tana shirin rufewa sai hannunta ya bugi wata baƙar leda da aka tura can baya, bayan kwanon nono. Ledar ta zamo ta faɗo a ƙafarta, wani farin kwali ya leƙo.

Ta ɗauka don ta mayar. Idonta ya sauka kan rubutun Larabcin da ke jiki, ta karanta, ta sake karantawa.

Allurar girma ce.

Ta buɗe kwalin. Alluran na jere, kowace a gurbinta. Gurbin farko babu komai.

"Kubra, ana jiran ruwa," in ji Ɗantani daga ƙofa. Ya shigo, ya ga abin da ke hannunta.

"Kai ka kawo wannan?"

Ya karɓa, ya juya shi, ya karanta. Tun kafin ya yi magana fuskarsa ta ba ta amsa.

"Wallahi yau na fara ganinsa."

Hasken ƙofa ya ragu. Hajja Sittana ce tsaye, Duha a bayanta da ludayi a hannu. Dariyar da ke fuskar yarinyar ta ɗauke. A hankali ta sa ɗaya hannun ta ja rigarta ƙasa, ta danne ta a kan cinya.

"Rufe firjin kada sanyin ya fita," Hajja ta ce, muryarta ko rawa babu. "Duha, je ki waje."

"A'a, Hajja, ta tsaya."

Tun da aka kawo Kubra gidan nan ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba sai yau. Ta ajiye kwanon ƙanƙara a ƙasa, ta durƙusa.

"Duha, zo. Ɗaga rigarki in gani."

Duha ba ta matso ba. Ba ta kuma dubi uwarta ba.

Habboba ta zuba wa ido.